Dutsen Bayan Ɗaki

"Sauke shi can gefe, Inna," in ji magini. "Sufurefe, mai mulkin garin ga, ya ce bulo da siminti kawai."

Tsohuwar ba ta sauke ba. Tun daga Karofane ta ɗauko dutsen a ka, har bakin kasuwar Buza, inda ake gina hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙoƙin Faransa.

"Wa ke cikin ginin ga?" ta tambaye shi.

"Ba kowa. Ai ba kushewa ba ce."

"To ɗana yaƙin ƙasar Indoshin ya cinye shi, ko ƙyallen rigatai ban gani ba. Da na haife shi, bayan ɗaki na bizne cibiyatai, na aza wanga dutse bisa. Ka sa shi ciki, in ba haka ba nan za ni kwana tsaye."

Magini ya dubi wuyanta yana rawa. Ya ɓamɓare bulo guda, ya karɓi dutsen hannu biyu.

Da kasuwa ta zagayo, ya ɗaga kai, sai ga mata suna gangarowa daga tsaunuka, kowace da dutse a ka.