Tabon Man Suya

"Mu dai a danginmu ba a taɓa haifar wadda rana ke toyawa ba," in ji uwar mijina, tana harara ta a gaban likita. "Ku binciki gidansu."

'Yata tana kan cinyata, bayan hannuwanta duk ya yi bororo. Minti goma kacal ta yi tana wasa a rana.

Likita ya ce ciwon a jini yake, gadonsa ake yi, hasken rana ke tayar da shi.

"Ka ji ko? Gado!" ta ce wa mijina. "Mu jininmu tas yake."

Tas kuwa. Shekara tara ni ke mata shanya da cefane, wai ita babbar mace ba ta yawo a rana.

Ta miƙa hannu za ta karɓi takardar magani. Likita bai saki ba. Ya ƙura wa bayan hannunta ido.

"Mama, wannan tabon fa?"

"Man suya ne."

"Har a goshi da karan hanci?"

Mijina ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tashi da ladabi, na gyara mata kujerar gwaji.

"Zauna, Mama. A fara da mai jini tas."