Mai Haƙar Rijiya da Kunyar Surukinsa

Zauna, Sallau, ka bar tallafe haɓar nan, ba hannunka ne zai mayar da ita ba. Tunda gobe za a kai ka asibiti a duba muƙamuƙin da faɗuwar babur ta fasa maka, bari in ba ka misali ɗaya. Shekara talatin na yi ina wankin ciwo a asibiti. Na faɗi irin wannan magana har bakina ya gaji, kuma ban ga ta hana kowa komai ba. Amma dai ka saurara.

An yi wani mai haƙar rijiya, ƙato, wanda ko marmara ba ta ba shi tsoro. Ciwon baya ne ya fara kai shi ga tramol. Ƙwaya ɗaya da safe kafin ya sauka rami, daga nan biyu, daga nan ya daina ƙirgawa, har shekara tara. Wata rana yana ƙasan rijiya igiya ta tsinke, bokiti cike da tsakuwa ya sauko. Allah ya kiyaye kansa, amma bakin bokitin ya same shi a muƙamuƙi. Wanda ya kai shi asibiti surukinsa ne, uban matarsa, dattijon da ke jan sallah a masallacin unguwa. Likita ya duba ya ce karaya ce, za a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya har ƙashi ya haɗe. Kafin ya fara, ya tambaye shi ko akwai maganin da ya saba sha kullum. To, ga suruki tsaye a bakin gado, riƙe da takalman mara lafiya. Mutumin da ko loma ba ya iya kaiwa baki a gaban surukinsa, yaya za a yi ya amsa shan ƙwaya? Sai ya girgiza kai. Likita ya rubuta sati shida, kamar yadda ake ɗibar wa mai lafiyayyen ƙashi.

Ƙashin nan kuwa ba lafiyayye ba ne. Irin wannan ƙwaya idan ta daɗe a jiki tana rage wa ƙashi ƙwari a hankali, ta busar da yawu haƙora su lalace, in an ji rauni kuma warkewa ta yi ta jan ƙafa. A ido ƙato ne, ciki kuwa azara ce da gara ta ci. Kuma bai daina ba. Baki a ɗaure, sai ya riƙa daka ƙwayar yana zubawa a kunu, yana zuƙa ta giɓi. Da sati shida ya cika, aka tarar injin ɗaukar hoton ƙashi ya lalace. Likita ya danna wurin da yatsa, ya tambaye shi ko da zafi. Ina zafi zai fito, alhali ya sha biyu kafin ya baro gida? Aka kwance waya aka sallame shi.

Kwana huɗu bayan nan aka yi sunan ɗansa na fari. Mutum ya yi sati shida yana shan kunu, sai ga soyayyen naman rago a gabansa. Ya ɗauki tsoka ya sa haƙori ya ja. Na kusa da shi suka ce sun ji ƙarar sake karyewar ƙashin. Shi kuwa bai ji komai ba, sai da ya ga jini a gaban rigarsa. Wurin ya kumbura, ya fara fitar da mugunya, har wari ya hana mutane zama kusa da shi. Aka ɗauke shi zuwa babban asibiti. A can hoto ya tona komai, likita ya faɗi abin da ya ci ƙashin a gaban surukin nan dai, da matar, da ƙannenta biyu. Aka ɗebe inda ya ruɓe, baki ya zauna a karkace.

Ni na yi masa wankin ciwo wata biyar, har na gaji da ganinsa, shi ma ya gaji da ganina. Kullum dattijon nan ke kawo masa kunu da kansa. Bai taɓa yi masa faɗa ba. Sau ɗaya kawai na ji ya ce, “Haba, ɗan nan. Ai da ka ce in ba ku wuri kai da likita tun ranar farko.” Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yaron da aka yi wa suna yanzu shekararsa bakwai. Duk Sallar layya yana yagar nama, ubansa na gefe da ludayi da ƙwaryar kunu.

Ban tambaye ka komai ba, Sallau, kada ma ka wahalar da bakin nan wajen rantsuwa. Na dai sha ganin abin da kake korawa da shayi a tashar babura. Na ji yayanka ne zai raka ka gobe. Ka ce masa ya jira a waje, in kuma ba za ka iya ba, ni zan bi ku in ja shi da hira. Ka faɗa wa likita sunan ƙwayar, nawa kake sha a rana, shekara nawa ka yi kana sha. Ba kai ne farau ba a wurinsa. In ya sani, zai ƙara maka kwanaki, ba zai kwance waya don kawai ka ce babu zafi ba, kuma zai nuna maka yadda za ka rage ta sannu a hankali. Muƙamuƙi ɗaya Allah ya ba ka, da shi za ka ci tuwo har ƙarshen rayuwarka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.