Mai Ɓata Allunan Gari

Ranar Talata aka sake yi. A allon da Alf mai kanti ke jinginawa a bakin ƙofa, wani ya sa alli ya liƙa wa kalmar Turanci mai nufin "sabo" harafin s a wutsiya, wai don ƙwan da ake talla suna da yawa.

Cedric Thwaite, tsohon malamin Turanci, ya iso yana haki, da tsumma a hannu.

"Alf! Ƙwai ɗaya ne ko kwando guda, a Turanci sifa ba ta jam'i. Ba ni na koyar da kai ba?"

"Na rantse ba ni ba ne, Malam. Abin da ka koya min ma ban riƙe ba, balle in ƙara nawa."

Tun da Cedric ya yi ritaya, shi da kujerar falo suka zama abu ɗaya. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ko ya riƙa tattaki ko a auna masa akwatin gawa. Cedric ya ce likitan ya fara gyara rubutunsa tukuna. Matarsa Beryl ta yi magiya har ta haƙura, ta koma sammakon sayen burodi.

Sai annobar ta ɓullo. Allon maƙwabta aka fara ɓatawa, sannan na mashaya, sannan na mai shayi can saman tudu. Kullum ɓarnar sai ta ƙara nisa, kullum Cedric na biye da tsummansa. Ya zargi 'yan makaranta, ya zargi Amurkawa. Ya kira taron gaggawa a zauren coci, waɗanda suka zo biskit ne ya kawo su.

Kafin hunturu ya fita, teɓarsa ta zube, sai da aka huda wa bel ɗinsa sabon rami. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya sake saurara, ya ji zuciyar ta farfaɗo.

"Me kake yi haka, Mista Thwaite?"

"Yaƙi da jahilci."

A gida ya zube a kujera yana cire takalmi.

"Na kusa kama shi, Beryl. Ko waye, jaki ne."

"Ƙwarai kuwa, tsohona. Sha shayinka kar ya huce."

Sai da ya fara minshari ta buɗe jakar burodi ta duba: allin da ya rage zai ishe ta ɓata allon gonar da ke hayin kogi gobe.