Wardin Tsohuwa Mai Koko

Tun da ka shigo nake ganin fuskarka a murtuke, Tanimu, kuma na san dalili: an yabi aikin wani a gabanka. To, zauna. Kada ka ce komai tukuna, bari in ba ka misali.

An yi wani mai lambun furanni a Jos, gwani ne na gaske, wannan kam ba a ja. Wardi yake raino, irin na zamani masu manyan kai, ja da fari da ruwan ɗorawa. Kowanne sai ya yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro: ya samo gindin wardin daji mai ƙarfi, ya tsaga, ya saka reshen mai kyau a kai, ya ɗaure. Kullum yana cikin feshi da ban ruwa da tsince tsutsa, har bayansa ya lanƙwashe. Furannin kuwa kyau kamar a hoto, sai dai ka kai hanci ka ji shiru. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wata tsohuwa mai sayar da koko. A bayan madafinta akwai wani tsohon wardi, tun na uwar mijinta, ya yi duhu har ya haye katanga. Ba ta taɓa yi masa komai ba, in ban da ruwan wankin gero da take watsa masa in ta tuna. Furanninsa ƙanana ne, ruwan hoda, ba wani abin kallo ba. Amma in iska ta kaɗa da hantsi, har bakin titi ake jin ƙamshinsa.

Abin da ke cin ran mai lambu ke nan. Mutum zai tsayar da mota, ya shigo lambunsa, ya zaga, ya ɗaga hanci ya ce wanne ne mai wannan ƙamshi, shi yake so. Dole ya buɗe baki ya ce ba nasa ba ne. Ranar da wata Hajiya ta bar shi tsaye, ta zaga gidan tsohuwa ta roƙo fure cike da gefen mayafinta, ranar ko tuwo bai iya haɗiya ba. Shekara ashirin yana cin wahala, wai a ce tsohuwar da ko sunan abin da ke gidanta ba ta damu da shi ba ita ce mai wardin unguwa. Da reshe ɗaya ya roƙa, wallahi da goma za ta ba shi. Amma ina, gwani guda ya je roƙo wurin mai koko?

Sai ya ƙulla dabara irin ta masu sani. Ya san sirrin wardin aure: in ka sare shi ƙasa da gaɓar auren, mai kyan ya tafi ke nan har abada, abin da zai tsiro gindin daji ne, ƙaya zalla. Da rani ya zo ƙarshe ya yi sallama gidan tsohuwa riƙe da zarto, ya juya ganye biyu, ya girgiza kai.

"Inna, ciwo ya kama itacen nan. In ba a sare shi ba, ba zai ga damina ba."

"Ayya, ɗan nan, ai kai ka san su. Yi yadda ka gani, Allah ya yi maka albarka."

Ya durƙusa ya bi shi da yanka har sai da ya mai da shi daidai da ƙasa. Bai ga gaɓar aure ba, ya ce a ransa tsufa ne ya shafe ta. Rassan kuma dami guda, kowanne in aka soka a ƙasa mai laima itace ne. Ya kwashe su ya jibge bayan lambunsa, da suka bushe ya cinna musu wuta, don kada wani ya tsinta ya dasa. Ka ji inda baƙin ciki ke kai mutum, har ya mance amfanin kansa.

Ruwan farko na sauka, tsiro ya ɓarko daga ƙasa, ba ɗaya ba, ba biyar ba, duk ƙaya ja wur. Mai lambu ya leƙa ta kan katanga ya yi murmushi, shekarar nan har ƙiba ya yi. Abin da bai sani ba, wardin nan ba ɗan aure ba ne. Na mutanen da ne, a kan saiwarsa yake tsaye, daga sama har ƙasa abu ɗaya. Tsofaffin rassa ne suka shaƙe shi shekara da shekaru, ba mai rage masa, sai ga maƙiyi ya zo ya yi masa aski kyauta. Shekara na zagayowa ya ɓarke da furen da bai taɓa yi ba tun zamanin uwar miji, ƙamshi har layi na uku.

Wata safiya mai lambu na tsaye da masu saye, sai ga tsohuwa tana takawa a hankali, ɗauke da ƙwarya maƙil da fure. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta juya ga mutane tana cewa wannan bawan Allah shi ya warkar mata da itacenta, bai karɓi ko kofin koko ba. Mutane suka yi ta sa albarka. Wani daga cikinsu ya ce to tun da shi ya yi aikin, ai ba zai rasa irin ba, a kawo masa tukunya uku. Mai lambu ya tsaya da ƙwarya a hannu, ba shi da ko tsinke ɗaya da zai nuna.

Saboda haka, Tanimu, sassauta fuskar nan ka koma kan aikinka. Masu iya magana sun riga sun gama zance: hassada ga mai rabo taki ce.