Lilo na Biyu

Ƙarfe goma da kwata na safe Ademir ya tsaya a ƙofar babbar majami'ar Nazaré da ke birnin Belém, ɗauke da ɗan ƙaramin gidan katako a ka, kamar yadda masu cika alkawari ga Budurwa Maryamu suke yi. Rosilda, mai sayar da miyar tacacá a bakin kogi, tana gefensa tana fifita da tikitinta. Gobe jirgin ruwa zai kai ta garin Santarém wurin yayarta, ba da niyyar dawowa ba.

"Sauke in gani, Seu Ademir, kafin wuyanka ya karye," in ji Rosilda, tana kiransa da Seu, wato Malam.

Ya sauke. Ta leƙa ta 'yar tagar gidan. Lilon kwanciya biyu ne a ciki, na zare, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

"Kai kaɗai a gida, lilo biyu na mene ne?"

"Gidan na samu, a kansa na zo godiya." Ya share gumi. "Jan lilon kuwa..."

"Haba, tsoho! Wa ya taɓa godiya kafin a ba shi? Maryamu za ka yi wa wayo?"

"Ba ita nake roƙo ba, Dona Rosilda."

Ta daɗe tana kallon tikitin. Sannan ta naɗe shi siriri, ta cusa ta 'yar tagar.

"Ka sassauto da jan nan ƙasa kaɗan," in ji ta. "Gwiwata ba ta son hawa."