Farar Rigar Likita

Sau biyu ta karanta saƙon a wayarta. Jami'a ta ɗauke ta, amma Labarin Ƙasa aka ba ta, ba likitanci ba, bayan shekara uku tana nema.

Tun tana firamare kowa a lungunsu na Gwammaja "Likita" yake kiranta. Babanta tela ne. Ranar da ta gama sakandare ya ɗinka mata farar rigar asibiti ya rataye a zaure, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya nuna masa.

Ta durƙusa gefen keken ɗinkinsa ta faɗa masa.

Ya tsayar da keken. Sai ya ce, "Ba komai, uwata. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Har ta ji sanyi a ranta.

Bayan La'asar ta kawo masa fura, sai ta tarar ya sauke rigar ya shimfiɗa a kan tebur, da alli a hannunsa. Ƙanwarta 'yar shekara sha biyu tana tsaye ta ware hannuwa, yana auna kafaɗarta.

"Tsaya da kyau mana, Likita," in ji shi.