Tafasa ko Rai-Ɗore

Tabawa ta dawo daga wurin bandar kifi da hayaƙi a ido, ta tarar da 'yarta Lami durƙushe a bakin rumbu tana kelaya amai. A cikin aman akwai tattaunannun 'ya'yan ganye, kore-kore.

Ba a yi shekara ba da aka binne ɗan Mati maƙwabci. Shi ma da amai ya fara bayan ya ci 'ya'yan rai-ɗore, daga nan barci ya ɗauke shi, bai sake farkawa ba.

Surukar Tabawa, Inna Yalwa, tana zaune a inda take zama kullum, gindin kuka, fuskarta na kallon tafki. Tun farkon damina ita ke tsaron yarinyar in Tabawa ta tafi banda. Ta daina shiga daji, wai gwiwa. Tsohuwa ce mai taurin kai, ko masu duba lafiya da aka turo daga Sakkwato bara ba ta yarda sun gan ta ba. Ita ce ma ta ɗaura wa Lami 'yar ƙararrawa a ƙafa, irin ta wuyan akuya, har Tabawa ta yi ta dariya.

"Inna, mi ta ci? Gabanki take!"

"Tahi bayan gida inda ta yi wasa," in ji tsohuwar. "Karyo mini reshe."

Tabawa ta ruga. Matsalar ita ce ita 'yar cikin jirgin ruwa ce. Tana iya gaya maka sunan kifi daga yadda ya motsa ruwa, amma tun da ruwan dam ya cinye tsohon garinsu aka maido su tudu, duk ganye ganye ne a wurinta. Ga sawun Lami nan a ƙasa, ga tsire-tsire biyu sun sarƙe da juna, tsayinsu ɗaya, furensu ɗaya, rawaya. Ɗaya tafasa ce da ake kwaɗo da ita. Ɗaya shi ne wanda ya kashe ɗan Mati.

Ta karyo duka biyun ta zube a gaban Inna. Mijinta Jibrin yana can tsakiyar ruwa da jirgin gidan, asibitin Yelwa kuwa ba nan kusa ba.

Inna ba ta ko sunkuya ba. "Ƙirga mini ganyen na dama."

Haushi ya kama Tabawa. Yarinya na mutuwa, tsohuwa ta ga ranar koyar da karatu! Amma ta ƙirga. Shida ne, biyu-biyu, bakinsu a zagaye kamar ƙwai.

"Tafasa ke nan. Ɗayan fa?"

Ɗayan ganyensa ya fi yawa, kowanne da tsini. Da ta murza shi wani wari ya buge ta.

"Har nan na ji shi," in ji Inna. "Rai-ɗore ne."

To, an san wane ne wane, amma ba a san wanda ya shiga cikin Lami ba. Aman ya tsaya, sai dai idon yarinyar ya fara lumshewa, kanta na langaɓewa a kafaɗar uwar. Tabawa ta shiga girgiza ta tana kiran sunanta, ƙararrawa na ta kaɗawa. Tsoron barcin nan take yi fiye da komai.

"Duba hannunta," Inna ta ce, muryarta ta dushe. "Yaro ba ya yar da abin da ya rage mishi."

Hannun hagu a dunƙule yake. Tabawa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Rabin kwanso ne, jiƙe da miyau.

"In faffaɗa ne, shafaffe, ki goya ta ki kama hanya yanzu. In siriri ne, ya lanƙwashe awa lauje..."

"Siriri ne, Inna. Ya lanƙwashe."

"Ƙwayar ciki fa?"

"Tana da kusurwa, tana sheƙi."

Tsohuwar ta sauke dogon numfashi. "Tafasa ce. Ɗanyen ɗa ne ya murɗa mata ciki. Gajiya ce, bar ta ta yi barcinta."

Tabawa ta zube ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun ɗazu. Bayan ta natsu ta ɗebo ruwa ta wanke yarinyar. Igiyar ƙararrawar ta ɓaci da amai, sai ta kwance ta ta ajiye a kan turmi. Ta shimfiɗa zane dab da ƙafar Inna, ta kwantar da Lami, ta zauna gefe tana kallon ƙirjinta na hawa da sauka. Can ƙasa kaɗan, igiyar ruwa na dukan gaɓa.

Rana tsaka, ko gajimare babu. Inna Yalwa ta miƙe zaune a firgice, idonta buɗe tar a kan jikar da ke kwance a gabanta, hannunta na lalube a iska.

"Tabawa, ina Lami ta yi? Ban jin ƙararrawar."